Basir da taurin bayan gida: Ina gizo ke saƙar?

Da wuya mutum ya shiga babbar tashar mota ko kasuwar mako a arewacin Najeriya ko kudancin Nijar bai ji lasifikar mai maganin basir ba. A bakin masu wannan sana'a, basir ne ke kawo ciwon baya, da kasala, da kumburin ciki, da raunin mazakuta, kai har da yawan mantuwa.

A asibiti kuwa, ma'anar kalmar, wadda Hausa ta aro daga Larabci, ba ta kai haka faɗi ba. Abin da likitoci ke nufi da basir shi ne kumburi ko zazzagowar wasu 'yan tsokoki masu cike da jijiyoyin jini da ke bakin dubura. Kowane ɗan'adam da su aka haife shi, kuma suna da aiki: su ne ke taimakawa wajen rufe mafitar ruf, don kada iska ko ruwa su kuɓuce. Wani likitan Birtaniya mai suna Thomson ne ya fayyace hakan a shekarar 1975. Sai sun kumbura, ko sun fara zubar da jini, ko sun leƙo waje, sannan ake cewa mutum na da basir.

Matsalar dai ba ta bar kowa ba. Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta cewa kimanin rabin mutanen da suka haura shekara 50 a ƙasar suna da ita. Kuma a mafi yawan lokuta, in aka bi diddigi, za a tarar labarin ya faro ne daga taurin bayan gida.

Yadda ɗaya ke haifar da ɗaya

A kowace rana, ruwan da ya kai lita ɗaya da rabi ne ke gangarawa cikin babban hanji tare da ragowar abinci, kuma aikin hanjin shi ne ya tsotse mafi yawansa. Gwargwadon daɗewar bayan gida a ciki, gwargwadon bushewarsa. Idan ya bushe sai an yi yunƙuri kafin ya fito, yunƙurin kuma shi ke cika waɗancan jijiyoyi da jini yana tura su ƙasa, yau da gobe har su saki. Da ciwo ya samu, sai mutum ya fara tsoron shiga banɗaki, ya riƙa riƙewa, bayan gidan ya ƙara tauri. Haka abin ke ta zagayawa.

Ba dole ba ne a ce kullum sai an zaga. Likitoci na ɗaukar daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako a matsayin lafiya. Abin dubawa shi ne yanayin fitarsa. A shekarar 1997 wasu likitoci biyu a Jami'ar Bristol ta Ingila, Heaton da Lewis, suka wallafa ma'aunin da ya kasa bayan gida gida bakwai, wanda har yanzu ake amfani da shi. Na ɗaya da na biyu, masu fita guntu-guntu kamar kashin awaki ko a dunƙule da tauri, su ne alamar cushewa. Na uku da na huɗu, masu laushi da ke fita ba wahala, su ake so.

Darasin da aka koya a Yuganda

Denis Burkitt, wani likitan fiɗa haifaffen tsibirin Ailan, ya yi kusan shekara 20 yana aiki a Yuganda. Ya lura cewa cututtukan hanji da suka cika asibitocin Ingila ba kasafai yake ganinsu a tsakanin mutanen karkara ba. A shekarar 1972 shi da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon awon da suka yi, inda suka nuna cewa bayan gidan mutumin ƙauye a Afirka ya ninka na Baturen Ingila kusan sau huɗu a nauyi, kuma abinci na ratsa cikinsa a ƙasa da rabin lokacin. Bambancin, a cewarsu, yana cikin faiba, wato ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, irin dusar hatsi da ɓawon wake da zaren ganye. Shi ne ke riƙe ruwa, ya sa bayan gida ya yi yawa ya yi laushi.

Abin takaicin shi ne, abincin da Burkitt ya yaba shi ne mutanen birni ke gudu a yau. Farar shinkafa da burodi da taliyar leda da lemon kwalba sun ture tuwon dawa da dambu da fate. Hatsin ma sai an surfe shi tas, a ba dabbobi dusar.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2023, ta shawarci kowane baligi ya ci aƙalla giram 25 na faiba a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa. Ba sai an nemi kayan ƙasar waje ba. Wake, da gero da dawa da ba a cika surfawa ba, da miyar kuka, da kuɓewa, da kwaɗon zogale ko rama, da dankalin Hausa, da gwanda, da goba, da mangwaro, da dabino, duk suna biyan buƙata. Lemon zaƙi ma gara a ci shi da totuwarsa da a matse ruwan kawai.

Wannan ba zance ne na fatar baki ba. Wani nazari da cibiyar Cochrane ta fitar a 2005, wanda ya tattara gwaje-gwaje bakwai, ya gano cewa ƙarin faiba ya rage zubar jini da sauran alamun basir da kusan rabi. Sai dai akwai sharuɗɗa biyu. A ƙara shi sannu a hankali cikin makonni, domin wanda ya auka wa wake da zogale dare ɗaya zai sha kumburin ciki da tusa. Sannan a haɗa da ruwa isasshe, musamman a watannin bazara da lokacin azumi, tsakanin buɗa-baki da sahur. Fitsari mai haske alama ce ta cewa ruwan ya wadatar. Tafiyar ƙasa ta rabin awa a rana ita ma tana motsa hanji, abin da ya kamata ma'aikatan ofis da direbobi su lura da shi.

Banɗaki ba ɗakin hira ba ne

Hanji ya fi motsi da safe da kuma jim kaɗan bayan cin abinci. Duk wanda ya ji matsuwa a lokacin ya danne, saboda sauri ko ƙyamar banɗakin wurin aiki, ya ba hanjin damar ƙara tsotse ruwan.

Yanayin zama ma na da tasiri. Wani ƙaramin gwaji da likita Dov Sikirov ya yi a Isra'ila a 2003 da mutum 28 ya nuna cewa tsuguno ya fi zama saurin sauke nauyi, kuma da ƙarancin yunƙuri, saboda yana miƙar da ƙarshen hanji. Ke nan masan tsuguno da wasu ke rainawa ba abin rainawa ba ne. Mai masan zama zai iya ɗora ƙafafunsa a kan 'yar kujera, gwiwoyi su ɗara ƙugu.

Sai kuma sabon al'amari, wato wayar salula. Wani bincike da aka yi a wani asibitin birnin Boston na Amurka, aka wallafa a 2025, ya duba mutum 125, ya kuma samu cewa masu latsa waya a kan masai sun fi fuskantar basir da kashi 46 cikin ɗari. Mutanen ba su da yawa, amma dalilin a fili yake: waya na sa a zarce minti biyar ba a sani ba. In abu bai zo ba, a tashi, a dawo an jima.

Tsarki da ruwa, wanda al'ada da addini suka riga suka tanada, ya fi goge wurin da busasshiyar takarda. A dai guji cuɗawa da sabulu mai ƙamshi.

Magunguna: masu taimako da masu ɓatawa

Wasu magungunan su ne ke busar da cikin. Kodin da tiramol na sahun gaba, haka ma ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba masu juna biyu, waɗanda dama ciki ke danne wa jijiyoyi. Bai kamata mai ciki ta daina shan su da kanta ba, sai dai ta gaya wa ma'aikatan awo don a duba mata.

Idan gyaran abinci bai wadatar ba, akwai garin ispagula da ake damawa a ruwa, da laktulos da makrogol masu jawo ruwa cikin hanji, waɗanda kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin su yi aiki. Akwai kuma masu zaburar da hanji irin bisakodil da sanna, dangin filaskon da Hausawa suka daɗe da sani. Waɗannan na ɗan lokaci ne. A nan ne matsalar jiƙe-jiƙen tasha take: da yawa aikinsu shi ne sa gudawa, mai sha ya ɗauka "dattin basir" ne ke fita, alhali gudawar kanta na tayar da basir, ga ta da ƙarar da ruwan jiki. Ko lambar NAFDAC da ke jikin wasu kwalaben ba shaida ba ce ta cewa hukumar ta tabbatar suna warkar da duk abin da aka lissafa.

Lokacin da ciwon ya tashi, zama cikin ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, na minti 10 zuwa 15 sau biyu ko uku a rana yana kawo sauƙi. Farasitamol ya isa rage zogi. Man shafawa mai sinadarin haidurokotizon kuwa kada ya wuce mako guda ba da izinin likita ba, domin yana sa fatar wurin ta yi siriri. Shi kuwa barkono da ake ɗora wa laifi, wani gwaji da aka yi a Italiya a 2006 bai ga ya tsananta alamun basir ba.

Ba kowane jini ne basir ba

Jinin basir ja ne jawur, yakan ɗiga bayan an gama ko a gan shi wajen tsarki, kuma na ciki sau da yawa ba ya ciwo. Zafi mai kama da yankan reza yayin fita ya fi nuni da tsagewar dubura. Jini da majina tare da murɗar ciki na iya zama atini.

Wanda ya fi tayar da hankali shi ne sankarar hanji, wadda ke iya ɓuya a bayan sunan basir wata da watanni. Alƙaluman cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2022 mutum fiye da miliyan 1.9 suka kamu da ita, sama da 900,000 suka mutu, kuma ita ce ta uku a yawa a duniya. A 2021 Amurka ta sauko da shekarun fara gwajinta daga 50 zuwa 45. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta, ko jinin da ya cakuɗe da shi, ko rama ba dalili, ko ɗashewar ido da tafin hannu, ko sauyin yanayin zagawa da ya wuce mako uku, ko tarihin cutar a dangi, kowanne ya isa a je asibiti ba tare da jira ba. Kunya ce ke hana mutane da dama, alhali gwajin farko na 'yan mintoci ne, kuma mace na iya neman mace ta duba ta.

Idan kuma an tabbatar basir ɗin ne, ba kowanne ke kaiwa ga wuƙa ba. Likitoci sun kasa na ciki mataki huɗu: wanda bai leƙo ba, da mai leƙowa ya koma da kansa, da wanda sai an mayar da hannu, da wanda ba ya komawa. Matakan farko galibi abinci da magani ke kwantar da su, ko a ɗaure tushen da 'yar roba, dabarar da ta yaɗu tun 1963, ya bushe ya faɗi cikin kwanaki. Aikin fiɗa, irin wanda Milligan da Morgan suka tsara a asibitin St Mark's na Landan a 1937, an fi tanadar sa ga mataki na uku da na huɗu. Bayan aikin ma likita kan sallami mutum da maganin laushin ciki, domin in taurin ya dawo, basir ɗin na iya dawowa.