Farar Hodar da Ke Tsabtace Gilashi da Hasken Rana

Tun da Apple ya fitar da iPhone 15 Pro a 2023, sunan taitaniyom ya shiga bakin masu waya. Sai dai mafi yawan ma'adinin da ake haƙowa ba ƙarfe ake yi da shi ba. Farar hoda ake yi, mai suna taitaniyom dayoksaid, wadda ke cikin fenti, roba, takarda da man kare fata daga rana.

Daga duwatsun ilmenait da rutayil ake samun ta, kuma Saliyo na cikin ƙasashen da ke haƙar rutayil. Masana'antu kan narka dutsen da asid ɗin salfa, ko su haɗa shi da iskar kulorin a wuta mai tsanani, sannan su tace. Nau'in hodar da ake kira anatas shi ya fi amsa haske.

A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na Jami'ar Tokyo suka wallafa cewa sinadarin na iya raba ruwa idan hasken UV ya sauka a kansa. Hasken ne ke zaburar da lantarkin cikinsa, sai ya haɗu da danshi da iska ya samar da ƙwayoyi masu cinye maiƙo da kashe ƙwayoyin cuta, shi kuwa ba ya ƙarewa. Haka kuma yakan sa ruwa ya shimfiɗu a kan gilashi maimakon ya dunƙule, ya sauka da dattin.

Da wannan dabara kamfanin Pilkington na Ingila ya fitar da gilashin taga mai suna Activ a 2001, TOTO na Japan ya yi tayil, aka kuma gina cocin Jubilee a Roma a 2003 da siminti mai ɗauke da hodar.

A nan ne mai saye zai yi hattara. Akwai masu tallar gilashin kare fuskar waya da cewa yana kashe ƙwayoyin cuta da wannan sinadari. Asalinsa hasken UV yake buƙata, ƙwan LED na ɗaki kuwa kusan ba ya fitar da shi, balle aljihu. Ƙurar hunturu ma ba ta cinyuwa, domin ƙasa ce. Sai ruwa ya wanke ta.

Batun ci kuma daban ne: Tarayyar Turai ta haramta saka shi a abinci a 2022, inda ake kiran sa E171.

Don haka kafin mutum ya zare kuɗinsa, ya tambayi mai kaya: da wane haske abin ke aiki? Idan amsa ta gagara, tsumma mai laushi ya fi araha.