Kififiyar da Ruwa Ya Bari a Komadugu

Kogin Komadugu Yobe, wanda ya raba Nijar da Najeriya kafin ya zuba a Tafkin Chadi kusa da Bosso, ba ya gudu shekara cur. Ruwansa daga kogunan Haɗeja da Jama'are yake zuwa, kuma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, wanda ke isowa Diffa ya ragu. Idan rani ya tsananta, sai kogin ya tsinke, ya bar kududdufai nan da can, masu noman tattasai su kafa musu injin ban-ruwa har su ƙafe. A irin wannan lokaci ne ake tsintar kififiya yashe a kan rairayi.

Sai dai ba kowace kififiyar da aka gani nesa da ruwa ce ke cikin halin ƙaƙa-ni-ka-yi ba. Mai taushin baya, wadda fata ta lulluɓe ƙoƙonta, takan binne kanta a taɓo ta jira damina. Wadda aka tarar a haka lafiyarta lau, tone ta ma cutar da ita ne. Mai neman agaji ana gane ta: tana fili rana na dukanta, idanu sun faɗa, fata ta bushe tana tsagewa, ko an taɓa ta ba ta janye wuya.

Kuskuren da aka fi yi, kuma da kyakkyawar niyya, shi ne a ɗauke ta a jefa cikin ruwa mai zurfi. Kififiya da huhu take numfashi. Wadda ta galabaita ba ta iya ɗago kai, sai ta nutse ta mutu a ruwan da aka ce zai cece ta. Abin da ya dace, a kai ta inuwa, a rufa mata jiƙaƙƙen zane a baya ban da hanci, daga bisani a sa ta a baho da ruwa ɗan kaɗan wanda bai kai hancinta ba. Ba a kwantar da ita rigingine, ba a ɗaga ta da wutsiya, ba a kuma ɗura mata abinci. Sai jiki ya sha ruwa ya dawo ake gwada ta da ɗan kifi. Mai ɗauka ya kama ta ta baya, don wuyanta dogo ne, cizonta kuwa ba na wasa ba.

Idan zaren ƙugiya na leƙowa daga bakinta, kada a ja. A yanke shi a bar sauran aikin ga likitan dabbobi. Fashewar ƙoƙo kuma a wanke da ruwa mai tsabta a rufe, kafin ƙuda ya sa tsutsa. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu, domin dabbobin nan sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela.

Kunkurun tudu, babban nan na Sahel mai haƙa rami, shi ba ruwansa da kogi ko kaɗan, jefa shi ciki kisa ne. A Senegal akwai Ƙauyen Kunkuru a Noflaye, inda ake jinyar irinsa, har an mayar da wasu dajin Ferlo.

A Nijar, dokar farauta da kare namun daji ta 1998 ce ke aiki, kuma jami'an gandun daji ne ya kamata a sanar. Kififiyar da ta warware, tana ci tana nitso da kanta, ana sakinta ne kusa da inda aka same ta, a gurbin da ruwansa zai kai damina, nesa da komar masunta.