Tsokar Bayan Damtse: Wane Motsi Ne Ke Gina Ta?

Yawancin samarin da ke ɗaga ƙarfe ƙwanji suke wa hidima, domin shi ake gani a madubi. Amma fiye da rabin naman damtse a baya yake. Tsokar da ke can ita ce ke miƙar da gwiwar hannu, ita ke aiki idan ka tura mota ko ɗan dambe ya kai naushi.

Kai uku gare ta. Biyu sun taso daga ƙashin damtse, na ukun kuwa, wanda ya fi tsawo, daga allon kafaɗa ya taso, sannan duka suka haɗu a tsinin gwiwar hannu. Wannan dogon kan shi ne abin lura wajen zaɓen motsi. Tunda ya ratsa kafaɗa, ba ya miƙewa sosai sai hannu ya ɗaga sama da kai. Idan hannu na gefen jiki, a sake yake.

A 2022 wasu masu bincike a Japan sun gwada wannan. Suka sa mutane horar da hannu ɗaya yana sama da kai, ɗayan yana ƙasa a gefen jiki, har makonni 12. Cikar da hannun da ke sama ya ƙara ta kai kusan ninki ɗaya da rabi na ta ɗayan, duk da cewa nauyin da ya ɗaga bai kai na ɗayan ba.

Saboda haka kada jadawalinka ya rasa wannan motsi. Ka riƙe dambal ɗaya da hannu biyu a saman kai, ka sauke shi a hankali zuwa ƙeya har ka ji bayan damtse ya ja, sannan ka miƙe hannu. Gwiwar hannu ta fuskanci gaba, kada ta baje, kuma kada ka gantsare baya. Sau 10 zuwa 15, zagaye uku. Wanda ba shi da dambal, ƙarfen simintin nan da ake zubawa a gwangwani ma ya isa, in dai riƙonsa ba ya zamewa, don a kan kai yake.

Sai a haɗa masa da motsin tura nauyi, wanda ke gina ƙarfi: kwanciya a benci ana tura ƙarfe, tazarar hannu daidai faɗin kafaɗa, ko fires-of da tafin hannu kusa da juna. Wasu kan matse hannu har ya haɗe a kan sandar, wuyan hannu ne kawai ke shan wuya.

Akwai wasu motsi da ban cika ba da shawararsu ba. Dafa benci ta baya ana sauka ana tashi yana takura gaban kafaɗa, musamman in an nutsa da yawa. Sunkuyawa ana wurga dambal baya kuma, sai ƙarshen motsin nauyin ke kamawa, shi ya sa ƙara masa kilo ke da wuya.

Sau biyu a mako ya wadatar, a bar kwana biyu tsakani. Idan zagayen ya fara zuwa da sauƙi, a ƙara kilo ɗaya ko biyu. Zafin tsoka bayan horo ba komai ba ne, amma in gwiwar hannu ce da kanta ke suka, a rage nauyi ko a sauya motsi, in ya ƙi lafawa a ga likita.