Ƙwaƙwalwar da ke Ɓoye Cikin Na'ura: Karatun da Ake Yi Bayan Lisansi

Ɗan kasuwar da ya tayar da motarsa da asuba daga Maraɗi za shi Yamai, a ganinsa babu abin da ya haɗa shi da na'ura mai ƙwaƙwalwa. Alhali kuwa tun da ya murɗa makulli, wata ƴar ƙwaƙwalwa da ba ta wuce tafin hannu ba ce ke auna man da ke shiga inji, wata kuma tana kula da birki. Haka ma'aikacin da ya sayo lambobin wuta ya danna su a kwantar gidansa, haka malamar asibitin da ke gwada sukarin jinin maras lafiya. Irin waɗannan ne Faransawa ke kira “systèmes embarqués”, wato ƙwaƙwalwar da aka dasa cikin wata na'ura domin aiki guda tak. Ƙera su da rubuta masu umurni fanni ne mai zaman kansa, wanda ake zurfafa shi a matakin mastar da doktora.

Abin da ya raba ta da kwamfutar ofis shi ne matsi: wurin ajiyarta kaɗan ne, wutar da take ci kaɗan ce, kuma tana aiki da wa'adi. In kwamfutar sakatare ta yi jinkiri, sai a jira ta. Amma ƙwaƙwalwar da ke hura jakar iska in mota ta yi karo, tilas ta yanke hukunci kafin ƙiftawar ido, domin amsar da ta zo bayan wa'adi ba ta da wani amfani ko da daidai ce.

Darasin Ariane 5

Ranar 4 ga watan Yuni na 1996 aka harba rokar Turai mai suna Ariane 5 karo na farko daga Kuru, a yankin Guyana na Faransa, ɗauke da taurarin ɗan Adam huɗu. Wajen daƙiƙa 40 da tashinta ta kauce hanya, ta tarwatse a sama. Kwamitin bincike, a ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions, ya gano cewa an ɗauko umurnin na'urar auna tafiya daga tsohuwar roka Ariane 4 ba tare da an gwada shi da tafiyar sabuwar ba. Umurnin ya so ya zuba wani adadi cikin gurbin da ba ya ɗaukar fiye da 32.767, sabuwar rokar kuwa ta fi tsohuwar gudu, sai adadin ya fi ƙarfin gurbin, tamkar a juye buhun hatsi cikin tiya guda. Na'urar da aka aje ta ko-ta-kwana ita ma umurnin nan ne a cikinta, saboda haka tare suka mutu.

Har yau ana koyar da wannan labari a azuzuwan mastar. Rubuta umurnin da ke aiki abu ne da ɗan lisansi zai iya. Tabbatar da cewa ba zai taɓa kuskure ba, ko cikin zafi, ko ƙura, ko girgiza, shi ne abin da ake zuwa koyo.

Abin da ake karantawa

Bisa tsarin LMD da Faransa ta kama a 2002, wanda jami'o'in Nijar su ma suka bi, ana yin shekara 3 a lisansi, 2 a mastar, 3 a doktora. Ana shiga wannan mastar da lisansin lantarki, ko na ilimin kwamfuta, ko na sarrafa injuna. A shekarar farko ɗalibi na ƙwarewa a harshen umurni da ake kira C, da ginin ƙananan ƙwaƙwale, da lissafin sigina. A ta biyu sai tsara ayyukan da ke da wa'adi, da zana da'irar lantarki da harshen VHDL, da hanyoyin tantance umurni. Yakan ƙare da istaji na wata huɗu zuwa shida a kamfani ko ɗakin bincike. Takardun bayanin kayan aikin kusan duka da Ingilishi ake buga su, don haka Faransanci kaɗai ba ya isa.

A Faransa garuruwa biyu sun yi suna. Tuluz ita ce cibiyar kamfanin jiragen sama na Airbus, nan ne kuma ɗakin bincike na LAAS da aka kafa a 1968. A Girenobul kuwa aka ƙirƙiro harshen Lustre a shekarun 1980, wanda daga gare shi aka samu SCADE da aka rubuta umurnin tuƙin jirgin A380 da shi. A can ne Joseph Sifakis ya yi aikin da ya ba shi lambar Turing ta 2007, tare da Edmund Clarke da Allen Emerson, kan hanyar da na'ura ke bin duk halin da wani tsari zai iya shiga domin gano kuskure tun bai faru ba.

Lissafin uba

Uban da zai tura ɗa ko ɗiya sai ya zauna da alƙalami. A 2019 Faransa ta ɗaga kuɗin rajistar mastar ga ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba daga yuro 243 zuwa 3.770 a shekara, wato wajen sefa miliyan 2 da jikka 470, ko da yake jami'o'i da dama sun yafe wa ɗalibansu ƙarin. Ban da haka, a lokacin ana neman shaidar yuro 615 na ci da kwana kowane wata, sama da jikka 400 ke nan. Bayan sauyin mulki na Yulin 2023 hanyar ta ƙara wuya, har aka rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024. Makarantun injiniyoyi na Maroko da Tunisiya su ma suna koyar da fannin, da Faransanci, kuma rayuwa ta fi sauƙi a can.

Ko ina aka zaɓa, tambayoyi uku ne ke rarrabe makarantar kirki da mai sayar da takarda: tana da ɗakin gwaji inda ɗalibi ke taɓa kaya da hannunsa? Wane kamfani ke karɓar ɗalibanta istaji? Hukumar CAMES ko gwamnatin ƙasar ta amince da shaidarta? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

In an komo gida

Nijar ba ta ƙera jirgi ko roka, kuma gaskiya ce mai wannan shaida yakan samu albashi a waje wanda zai hana shi komowa. Amma aikin na nan gida. Injiniya Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar ban ruwa daga nesa, inda manomi ke kunna famfon garkarsa da salula, aikin da ya ba shi babbar lambar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015. Ƴar ƙwaƙwalwa ce ke karɓar kiran ta buɗe ruwa. Irinta ce ke tsare batirin faifan hasken rana, fannin da marigayi Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya yi wa hidima har rasuwarsa a 1991.

Duk ranar da irin wannan na'ura ta lalace a asibiti ko a rijiyar ƙauye, in babu wanda ya san cikinta, sai a jefar da ita ko a jira gwani daga waje da kuɗi mai tsoka. Ɗalibin da ke Damagaram ko Tawa ba sai ya jira biza zai fara ba: allon Arduino, da aka ƙirƙiro a Italiya a 2005 domin masu koyo, bai kai kuɗin salula mai kyau ba. Wanda ya kai takardunsa tare da na'urar da ya haɗa da hannunsa ya fi mai maki kaɗai samun shiga, domin da rarrafe yaro kan tashi.