Manomi da Sayen Mega: A Auna Kafin A Biya

Ya ku ƴan uwa manoma na Sarkin Yamma da kewaye, yau wayar salula ta shiga sahun kayan aikin gona. Da ita mai lambun zogale ke jin farashi a kasuwar Maraɗi kafin ya ɗaura kaya. Da ita kuma ake aika wa malamin gona hoton ganyen da tsutsa ta ci, ta WhatsApp. Sai dai duk wannan yana cin mega, mega kuwa kuɗi ne. Mutane da yawa na zuba kuɗin da ya isa cefane, su wayi gari ya ƙare ba su amfana ba.

Ga abin da ya kamata a lura da shi.

Na farko, rezo. Akwai Airtel da Moov Africa da Niger Telecom da Zamani, wanda ya gaji Orange bayan an sayar da shi a 2019. Wanda ke kamawa a cikin gari ba lalle ne ya kama a fadama ba. Ka gwada wayar maƙwabci a gonarka kafin ka sayi layi.

Na biyu, wa'adi. Forfe iri-iri ne: na yini, na mako, na wata. Idan wa'adi ya cika, sau da yawa ragowar mega kan salwanta. Wanda ke buɗe intanet ranar kasuwa kawai, na yini ya ishe shi. Na wata sai mai bukata kullum.

Na uku, yawan ci. Giga 1 kimanin mega 1000 ne. Saƙon murya na minti ɗaya bai kai mega 1 ba, amma bidiyo na lashe mega kamar fara a gonar gero. A hana waya sauko da bidiyo da kanta, a kuma rufe intanet da an gama.

Na huɗu, iyaka. Mai zuwa wajen Ɗan Isa ya kula, domin waya kan kama rezon Najeriya, kuɗinsa kuwa ya fi tsada.

A ƙarshe, a yi rajistar layi da takardar shaidar mutum ta kansa, kada a karɓi layin da ke ɗauke da sunan wani. Wanda bai gane rubutun da ke fitowa a waya ba, ya kai wa malamin yaƙi da jahilci su karanta tare. Tambaya ba ta ɓatar da mai ita.