Dalilin da ke sa ƙasar Wudil ta yi tauri da rani, ta saki da damina

A watan Maris, da ƙyar diga ke shiga ƙasa idan ana haƙa harsashin gini a Wudil. Zuwa Agusta, bangon ramin nan na iya ruftawa ba tare da an taɓa shi ba.

Injiniyoyi na danganta wannan da abin da ake kira tsotson ƙasa. Muddin ƙasa ba ta jiƙe sharkaf ba, ɗan ruwan da ya maƙale tsakanin ƙwayoyinta yana janyo su wuri guda, kamar yadda yashi mai danshi ke dunƙulewa a tafin hannu. Gwargwadon bushewar laka, gwargwadon ƙarfin wannan ja. Da ruwa ya cika ƙofofin ƙasar, sai tsotson ya ɓace, ya tafi da wani kaso na ƙarfinta. Yumɓu ma har kumbura yake yi, ya tsaga daɓe da katanga.

Auna shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Akan rufe samfurin ƙasa tare da takardar tacewa a cikin gwangwani na aƙalla kwana 7, sannan a auna ruwan da takardar ta sha.

Ga garin da ke gaɓar kogi, wanda kuma ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, mai koyar da injiniyancin gine-gine, bai kamata a dogara da gwajin rani kaɗai ba. Ƙasar da aka gwada tana busasshiya, ita ce za ta ɗauki nauyin ginin tana jiƙe.