Kwamfuta Mai Yawan Ɗaukewa: A Bincika Kafin A Yi Fomat

A shagunan buga takardu da ofisoshinmu, da zarar kwamfutar tebur ta fara ɗaukewa ana tsaka da aiki, magani guda ake kawowa: a yi mata fomat. Mai gyara ya goge komai, ya ɗora sabuwar Windows, ya karɓi kuɗinsa, kwana kaɗan ciwo ya dawo. Asarar takardun mutane tana da zafi, amma akwai abin da ya fi damuna. Kwamfuta tana rubuta labarin abin da ya kayar da ita, fomat kuwa share wannan labari yake yi tun kafin wani ya karanta shi.

Faɗuwar ma ba iri ɗaya ba ce. Wata kwamfutar shuɗin allo take nunawa ta sake tashi. Wata mutuwa take yi farat ɗaya kamar an zare mata waya. Wata kuma sandarewa take yi, hoto yana nan amma linzami ba ya motsi. Kowacce da inda take nuni, don haka tambayar farko ita ce yaya ta faɗi, kuma me ake yi da ita a lokacin.

Shuɗin allo, wanda Microsoft ta mayar baƙi a Windows 11 a shekarar 2025, ya fi sauran sauƙin bincike. Windows ce da kanta take tsayar da aiki idan ta ga kuskure a can cikin tushenta, gudun kada ta lalata abin da ke ajiye. A ƙasan allon akwai sunan kuskuren, irin su MEMORY_MANAGEMENT ko IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, wani lokaci har da sunan fayil ɗin da ya jawo shi. A ɗauki hotonsa da waya. Wanda bai samu dama ba ya buɗe Reliability Monitor, wani shafi da ke cikin Windows wanda mutane da dama ba su san da shi ba. Yana jera kwanaki, ya sa jar alama a duk ranar da aka faɗi, ya kuma nuna abin da aka ɗora wa kwamfutar a ranar. Sau da yawa a nan ake kama ɓarawon: jajayen alamun sun soma ne washegarin da aka haɗa sabuwar firinta ko aka sabunta direban hoto.

Direba ƙaramar manhaja ce da ke sada Windows da wani sashe na injin, kuma tana da ikon shiga inda sauran manhajoji ba sa kaiwa. Microsoft ta ce a binciken da ta yi, kashi 70 cikin ɗari na irin wannan tsayawa daga direbobin wasu kamfanoni suke, kashi 10 daga kayan injin, kashi 5 daga nata rubutun, sauran 15 ba a gano sanadinsu ba. Duniya ta ga misali a ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da sabuntawa guda daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta kayar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Maganin da aka bayar shi ne a tada kwamfutar ta Safe Mode a goge fayil ɗaya. Wanda ya yi fomat a ranar ya wahalar da kansa a banza.

Sai dai lissafin Microsoft bai shafi kwamfutar da ke mutuwa shiru ba, kuma a ganina ita ce ta fi addabar mu a nan. Idan aka duba Event Viewer, wani shafin rahoto da ke cikin Windows, bayan irin wannan mutuwa, za a tarar da Kernel-Power 41. Wasu na ɗauka sun gano cutar ke nan, alhali abin da yake cewa kawai shi ne kwamfutar ta mutu ba a kashe ta bisa ƙa'ida ba. Dalilin yana wani wuri, kuma galibi wuta ce ko zafi.

Akwatin wutar da ke cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira fawa-fak, an gina shi ya riƙe ta na kusan kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa idan wuta ta yanke. Ko ƙiftawar ido ta fi haka tsawo. Idan ya tsufa, kamar yadda yake a yawancin kwamfutocin tokumbo, ko wannan ɗan lokacin ba ya kaiwa. Shi ya sa kwamfuta ke mutuwa lokacin da injin fotokofi ko firji ya tashi, ko ana juyawa daga wutar gari zuwa janareta. Sitabilaiza tana daidaita ƙarfin wuta, amma ba ta cike giɓin yankewa. Wannan aikin UPS ne, shi kuma batirinsa zafi na kashe shi da wuri, sai ya zama akwati kawai a ƙarƙashin tebur. Gwajin da ya fi inganci shi ne a aro wani fawa-fak mai lafiya a sa na 'yan kwanaki. Kada a kuskura a buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare shi.

Zafi kuwa yana da alamarsa. Kwamfuta ta yi aiki lafiya da safe, bayan azahar ta fara nauyi, fanka na ihu, sannan ta mutu. Firosesa na rage gudu da kanta idan ta doshi digiri 95 zuwa 100, idan abin ya ƙi ta kashe injin don ta tsira. A Kano ko Sakkwato ko Yamai, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, iskar da za ta sanyaya ta ma mai zafi ce, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe ƙarfen sanyaya. Manhaja irin HWMonitor za ta nuna zafin. A zare wuta, a buɗe murfi, a hure ƙurar tare da riƙe fanka kada ta yi ta juyawa, a canja man da ke tsakanin firosesa da ƙarfenta idan ya bushe, a kuma ɗaga akwatin daga ƙasa.

Idan sunan kuskure yana canjawa a kowace faɗuwa, a zargi RAM, wato ƙwaƙwalwar wucin gadi ta kwamfuta. MemTest86 ana tada shi daga filashi a bar shi ya kwana yana gwaji, kuskure ko ɗaya ya isa hujja. Idan sandunan RAM biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci cirewa da mayarwa da kyau ya wadatar. Yawan sandarewa kuma na iya zama faifan ajiya ne ke mutuwa. CrystalDiskInfo na karanta rahoton lafiyar da faifan ke ajiyewa, idan ya yi gargaɗi a kwashe takardu nan take.

Sabuwar kwamfuta ma ba ta tsira ba. A 2024 Intel ta amince cewa wasu firosesocinta na tebur na zubi na 13 da na 14 suna jan wuta fiye da kima har su lalace. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ta kuma ƙara shekara biyu a garantinsu.

A duk wannan, abu ɗaya ake canjawa a lokaci guda, a rubuta shi da ranarsa a takarda, a jira a gani. Wanda ya canja RAM da fawa-fak da direba rana ɗaya, ko kwamfutar ta warke bai san me ya warkar da ita ba, ya kuma sayi abin da ba ya buƙata.

Ga mai gyaran da ya nace Windows ce ta lalace, akwai gwajin da ba ya goge komai. A sa Ubuntu a filashi, a tada kwamfutar daga nan, a yi ta aiki da ita na sa'o'i. Idan ta sake faɗuwa, laifin na injin ne, kuma fomat goma ba zai gyara shi ba. Idan ta tsaya daram, RAM da faifai kuma sun ci gwaji, sai a gudanar da umarnin sfc /scannow ya gyara fayilolin Windows da suka lalace. In hakan bai yi ba, a kwafe takardu a wani faifai, a ɗora Windows da aka sauko da ita daga Microsoft kanta, ba irin wadda aka yi wa kwaskwarima ana yawo da ita a filashi ba.